A Tuna da 'Yan Mazan Jiya Tun Suna Raye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in miƙa godiya ga 'yan mazan jiya. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, manya kan ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, a busa bigila. Madalla da hakan. Amma waɗanda suka dawo da rai fa?

Kakanninmu da aka kai Burma a Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura na basasa, da dakarun ECOMOG (rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma) da suka shiga Laberiya a 1990, da waɗanda suka fafata da Boko Haram a Borno. A unguwarmu akwai wani tsohon saje mai gadin shago, yana ɗingishi, lambobin yabonsa na ƙunshe cikin leda a ƙasan akwati. Gaisuwar kirki ma ba kowa ke yi masa ba.

Don Allah gwamnati ta riƙa biyan fanshonsu kan kari, ta ɗauki nauyin maganinsu. Mu kuma mu riƙa leƙa su, da matan da suka rasa mazajensu a fagen daga. Allah ya saka musu da alheri.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya