Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Gashin Ƙashi da Koyon Magana na Ƙananan Yara

Jama'ar unguwa sun ɗora wa wannan kwamiti aikin mayar da tsohon sito na ƙaramin asibitinmu ɗakin da za a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 masu jinkirin zama, tafiya ko magana. An gama aikin, an miƙa makulli ga shugabar asibiti. Ga bayanin abin da aka yi da inda aka yi kuskure, don wata unguwa da za ta yi irinsa kada ta biya kuɗin siminti sau biyu.

Dalilin aikin sananne ne. Yaron da aka sha doguwar naƙuda kafin a haife shi bai yi kuka da wuri ba, ko shawara ta kama shi a makon farko, ko ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, yakan buƙaci gashi da motsa gaɓoɓi a kai a kai. Shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo, kuma gaɓar da aka bari a sandare tana ƙanƙancewa. Uwa kuwa ba za ta iya kuɗin adaidaita zuwa cikin gari duk mako da yaro a goye ba. Sai ta je sau biyu ta daina.

Ɗakin mita 6 ne a tsawo, 4 a faɗi. Mun tarar da gara ta cinye katakon rufi, kwano ya yi tsatsa, danshi ya hau bango har filasta tana zubowa kamar gari. An kankare filastar zuwa tsayin mita 1, aka bar bangon ya sha iska mako biyu, sannan aka sake ta. Katakon rufi sabo ne gaba ɗaya, an shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa. Wannan ɓangaren bai ba da wahala ba.

Gangaren shiga shi ne ya ci mana rai. Dakalin ƙofa ya ɗaga daga ƙasa da santimita 45. Magini ya zuba gangare mai tsawon mita 2 kai tsaye daga bakin ƙofa, irin wanda ake yi wa babur a ƙofar gida, kuma a ido ya yi kyau. Da aka gwada da keken guragu, an ɗora buhun yashi a maimakon yaro, mai turawa sai da ta sa ƙirji. A gangarowa kuma keken ne ke jan ta. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo, wato namu yana buƙatar mita 5 da santimita 40. Laifin na kwamiti ne, don cewa kawai aka yi masa "a yi hanyar keke", ba a ba shi awo a rubuce ba. Dole aka fasa.

Da yake kwata ta tare gaban ɗakin, sai aka kwantar da sabon gangaren a jikin bango. Faɗinsa santimita 120. A bakin ƙofa an yi fili shimfiɗaɗɗe, 150 a kowane gefe, inda keke zai tsaya cak a buɗe ƙyaure ba tare da ya koma baya ba. Wannan filin ne aka fi mantawa da shi a gine-gine, alhali in babu shi uwa tana riƙe keke da hannu ɗaya tana kokawa da ƙofa da ɗayan. An ja ɗan dakali mai tsayin santimita 10 a gefe don kada taya ta zame waje, aka kafa ƙarfen riƙewa hawa biyu: na manya a santimita 90, na yara a 60. Kwaɓin kankare kuwa buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, kuma buhu 6 ya ci. Tun yana ɗanye aka ja tsintsiya a kansa a gicciye don ya yi kaushi, aka lulluɓe da buhunan algarara ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. A zafin Kano, kankaren da aka hana ruwa, kafin damina ta zagayo ya tsattsage.

An yi muhawara kan daɓe. Wani mai taimako ya yi tayin tayil mai ƙyalli kyauta, kwamiti ya yi godiya ya nemi a musanya da siminti. Yaran nan wasu na dalalar da miyau, wasu fitsari na kufce musu, ga ƙafa ba ƙwari. Tayil mai santsi a wurinsu tarko ne. An yi daɓen siminti mai kaurin santimita 4, ba a goge shi ya yi sulɓi ba, aka shimfiɗa katifun roba masu rigar leda a rabin ɗakin, waɗanda ake gogewa da ruwan sabulu bayan kowane yaro.

Silin ma ba don ado aka sa shi ba. Zafin kwano a bazara yana sa yaro kuka ya ƙi motsi, ƙarar ruwan sama a kansa kuma tana firgita yaran da ba sa jure hayaniya, irin waɗanda ake kira masu galahanga, har su toshe kunne suna buga kai. An bar ramukan shan iska a saman bango tsakanin kwano da silin, an toshe su da raga saboda jemagu. Fenti na ruwa aka shafa, launi ɗaya mai sanyi. An guji fentin mai domin wasu nau'o'insa na ɗauke da dalma, yaran kuma suna lasar bango. Wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai yi wasa da wannan ba. Soket duka an mayar da su sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Ƙofar ɗaki da ta banɗaki an faɗaɗa su zuwa santimita 90. Ta banɗaki waje take buɗewa, don in yaro ya faɗi a bayanta a iya shiga. An sa masai na zama da ƙarfen dafawa a gefe, da benci na kankare inda za a kwantar da yaro ɗan shekara 4 a canza masa ƙunzugu, maimakon a ƙasa.

Kayan aiki a unguwa aka ƙera su, bisa zanen ma'aikacin gashi. Mai walda ya yi sandunan koyon tafiya guda biyu a jere, tsawon mita 2 da rabi, da huji-huji a ƙafafunsu don a ɗaga ko a sauke daidai ƙugun yaro. Na farkon da ya kawo bakin bututun a buɗe yake da kaifi, sai da aka mayar ya toshe ya goge. Kafinta ya yi kujerun kusurwa 3 masu tare baya da gefe, na yaron da bai iya zama shi kaɗai ba, da teburin da ake tsayar da yaro a jikinsa. An manna madubi a bango daga ƙasa, an bi bayansa da gam gaba ɗaya don ko ya fashe kada ya zubo.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024, kuma matakalar babban ɗakin asibitinmu tana nan yadda take. Kwamiti ya rubuta wa ƙaramar hukuma a kai.

Abin da ya rage: rumfar jira ba a yi ba, iyaye mata na zama a gindin darbejiya, tankin ruwa ma sai an sake karo-karo. Yaron da ke buƙatar takalmin gyaran ƙafa har yanzu Asibitin Ƙashi na Dala za a tura shi. Ana kira ga iyaye su kawo duk yaron da ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai zauna ba, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba ko bai furta kalma ba. A zo da katin rigakafinsa da zani na shimfiɗa.