Amsa ga mai tambaya kan dawowar Johnny Cash

Assalamu alaikum, ƙanena.

A shirin rediyo ka jefo mini tambaya a bainar jama'a: wai dawowar tashen Johnny Cash, mawaƙin kantiri na Amurka, a 1994 ba dabarar 'yan kasuwa ba ce kawai, aka kakkaɓe tsoho aka sayar wa yara? Lokacin shirin ya ƙure, shi ya sa na zo maka da amsa a rubuce.

Kasuwa kam akwai ta, wa zai musa? Amma ka tuna wanda ake magana a kansa. Yaron da ya tashi yana tsinkar auduga a jihar Arkansas, ya fara fitar da faifai a Memphis a 1955, ya je har kurkukun Folsom a 1968 ya yi wa fursunoni waƙa suna shewa. Duk da haka, a 1986 kamfanin faifai na Columbia ya sallame shi bayan kusan shekara 30 suna tare. Gidajen rediyon kiɗan kantiri suka koma wa matasa masu sabbin huluna.

Wanda ya nemo shi ma ba ɗan gida ba ne. Rick Rubin ne, mai shirya faifan waƙa da aka sani da 'yan rap da 'yan rok. Ga inda zancenka ya rushe: ɗan kasuwa ƙari yake yi, Rubin kuwa ragewa ya yi. Ya sallami makaɗa, ya zaunar da Cash a falon gidan shi Rubin ɗin a Los Angeles, daga shi sai jitarsa da muryar nan mai kauri da shekaru suka fara ci. Babu kwalliya ko ɗaya. Faifan da suka fitar ya ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, kuma a 1994 ɗin Cash ya tsaya gaban dubban matasa a bikin Glastonbury na Ingila. Mu nan da muka taso da Don Williams a rediyo mun san murya mai natsuwa ba ta buƙatar tarin ganguna.

Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, fa? Ko a jikinta. Da faifansa na 1996 ya ci Grammy a rukunin kantiri, aka buga talla a mujallar Billboard ana yi wa gidajen rediyon kantiri godiyar gatse, da tsohon hotonsa yana ɗaga yatsan zagi. Ya ci gaba da naɗar waƙa tare da Rubin har 2003, shekarar da ya rasu yana da 71, wata huɗu bayan matarsa June.

Naka,
Yayanka mai sauraro