A daina cire wa mota tamostat

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana direbobi tunda hunturu ya kama.

Haya nake yi da Golf tsakanin Jos da Bauchi. Bara wani bakanike ya cire mini tamostat, ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin inji, wai na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Da sanyin Disamba ya sauko na gane kurena. Ƙarfe biyar na asuba in kunna hita, iska mai sanyi ke fitowa, gilashi ya yi raɓa ina goge shi da hula, mai kuma yana zurarewa kamar an huda tanki. Ashe hita da ruwan zafin inji take aiki, kuma wannan ɗan ƙarfen shi ke tsare ruwa har inji ya kai zafin wajen digiri 90. Na sayo sabo aka mayar, magana ta ƙare.

Sauran duk da hannuna nake yi. Ranar Lahadi, inji na sanyi, nakan wanke ƙurar da ta toshe haƙarƙarin lagireto, in matsa tiyo in ji ko ya bushe, in duba fambel. Ruwan rijiya kuwa na yi sallama da shi, tsatsa yake haifarwa. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, nake zubawa duk da tsadarsa.

Don Allah kada wanda ya buɗe murfin lagireto inji na tafasa. Yaron motata har yau da tabo a hannu.

Naka,
Wani direba daga Jos