Wasiƙa Ga Iyaye: Abincin Yaranmu da Motsa Jikinsu

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Yaron da ya fito bai karya ba, tun kafin a fita tara za ku ga ya fara hamma, hankalinsa ya bar allo. Ba sai an yi girki mai wahala ba. Hatsi ko burodi ya samu abokin tafiya mai gina jiki, kamar ƙwai, wake, gyaɗa ko madara. Kayan zaƙi zalla suna ɗaga sukarin jini da sauri, ya faɗi da sauri, yunwa ta dawo tsakiyar darasi.

Abin da ya fi damunmu shi ne lemon kwalba. Gwangwani ɗaya mai mililita 330 yakan ɗauki sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali takwas da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Gwangwani ɗaya ya cinye mafi yawan rabon ƙaramin yaro. Lemon kwali ma, ko an zana 'ya'yan itace a jikinsa, a duba bayansa. Don Allah a riƙa sako musu gorar ruwa.

Hukumar ta kuma ba da ma'aunin ganye da 'ya'yan itace: giram 350 a rana ga ɗan shekara 6 zuwa 9, giram 400 daga shekara 10. A raba su cikin abincin yini. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne haɗa abinci da shayi, alhali shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki. Lemon zaƙi ko tumatir ne ke taimaka wa shigarsa, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe na kawo ƙarancin jini da kasala.

Batun motsa jiki, ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 kullum, irin wanda zai sa numfashi ya hau. Darasin wasanni kaɗai ba ya cika wannan. Ana iya tara shi guntu-guntu: takawa zuwa makaranta, tsallen igiya, ƙwallo da yamma. 'Yan mata su ma a bar su su yi.

A namu ɓangaren, daga wannan zangon ba za a hana ɗalibi fita tara a matsayin horo ba. Wanda ɗansa ke da asma ko wani abinci da jikinsa ba ya karɓa, ya sanar da malamin aji a rubuce cikin makon nan.

Hukumar Makaranta