Fadamar gishiri ba a killace ta a juya baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan fadamun bakin teku, waɗanda ruwan gishiri ke rufewa idan teku ta cika, ya sake su idan ta janye. Ban musa amfaninsu ba: ciyawarsu tana karya ƙarfin igiyar ruwa, ƙananan kifaye suna girma a magudanunta, lakarta kuma tana binne kabon, sinadarin da ke cikin iskar da ke ɗumama duniya, shekara da shekaru. Inda muka raba hanya da marubucin shi ne cewar da ya yi wai kiyaye su shi ne a zagaye da waya a kori kowa.

A duba maganar kiwo. A fadamun Turai, in an hana dabba shiga ɗungurungum, doguwar ciyawa iri ɗaya kan mamaye sashen tudu ta shaƙe sauran tsirrai, dinyoyin da ke zuwa da hunturu su rasa ɗanyen tsiron da suke ci. In kuma tumaki sun yi yawa, sai su aske wurin ƙwal, su tattake ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Shanu kaɗan ake so, a kuma jinkirta shigar da su har a gama ƙyanƙyasa. Wannan aikin makiyayi ne da ya san wurin, waya ba ta iya shi.

Shuka ma ba kowace ake yi ba. A 1979 China ta shigo da ciyawar Spartina daga Amurka don ta riƙe gaɓa. Ta riƙe kuwa, har ta cinye filayen lakar da tsuntsaye masu ƙaura ke kiwo a kai, yanzu gwamnati na kashe kuɗi wajen tumɓuke ta.

Babbar matsalar ita ce wuri. Ruwan teku yana ƙara hawa shekara bayan shekara, fadama tana son matsawa tudu, ganuwar kare ambaliya ta tare mata hanya, sai ta nutse a tsakani. Shi ya sa a Ingila aka fasa ganuwa da gangan a Steart a 2014, a Wallasea kuma aka zuba ƙasa sama da tan miliyan 3 da aka haƙo daga ramukan jirgin ƙasan Landan kafin a saki ruwa ya shiga.

Amma filin da aka bai wa teku gonar wani ce. Ina roƙon in za ku sake taɓo batun, ku nemi jin bakin manoman da suka bar gonakinsu, da yadda aka biya su diyya.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum