Wasiƙa ga iyaye kan fina-finan mayu da abin da ya faru a bakin ƙofar makaranta

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yaranmu. Da fatan kuna lafiya, ya sanyi?

Duk wanda ke kawo yaro da safe ya san Iya, tsohuwar nan mai sayar da gyaɗa da alawar madara a gindin dalbejiyar ƙofarmu. Wasu cikinku ma a farantinta kuka kashe kuɗin taranku. Da hunturu ya kankama sai jikarta ta saya mata safar hannu. Ranar Talatar makon jiya, ana fita tara, wani ɗan aji uku ya tsaya nesa da ita ya ƙwala ihu: "Kar ku karɓa, mayya ce! Ku dubi hannunta!" Yara suka watse. Iya ba ta ce uffan ba, ta rufe farantinta da leda ta kama hanyar gida. Kwana biyu ba mu gan ta ba.

Da muka zaunar da yaron, ashe fim ya kalla a wayar yayansa. Sunansa The Witches, an ɗauko shi daga littafin da Roald Dahl ya fitar a 1983, an yi fim ɗin a 1990, aka sake sabo a 2020. A cikinsa wata kaka ce ke koya wa jikanta yadda ake gane mayya: tana sa safar hannu don ɓoye farata, kanta ba gashi, hular gashin da take sawa ce ke sa ta yawan susa, ƙafarta ba yatsu, kuma da kayan zaƙi take yaudarar yara a mayar da su ɓeraye. To ku auna da kanku. A Zariya, cikin wannan sanyi, tsohuwa mai safar hannu da alawa a gabanta. Yaro ɗan shekara takwas ya haɗa lissafinsa daidai yadda aka koya masa.

Irin waɗannan fina-finai don yara aka shirya su, kuma a Amurka ana yawan haska su dab da bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba, inda mayya ba ta wuce shigar wasa da doguwar hula da tsintsiya ba. Ko a can ma ba su tsira ba: na 2020 ya nuna mayu da yatsu uku a hannu, masu naƙasar hannu suka yi ƙorafi, sai da kamfanin Warner Bros. da jarumar fim ɗin suka ba da haƙuri. Balle mu nan, da kalmar take da nauyin dutse. Kun san abin da ke biyo baya idan aka ce wance ta kama kurwar wane: a taru a ƙofar gidanta, a ce sai ta tsallake marar lafiya, wani lokaci har da duka, 'yan matan gidan kuma su rasa manema. Sau da yawa daga bakin yaro mai zazzaɓi maganar ke fara fita.

Ba muna cewa yaro kada ya taɓa jin tsoro ba ne. Mu ma da Dodo aka raine mu. Amma mai ba da tatsuniya tana kallon fuskar jikokinta, in ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta, ta kai ƙurunƙus kowa ya yi dariya. Waya kuwa ba ruwanta, ga shi a cikin bargo ake kallo bayan an ɗauke wuta.

Alamar PG da ke jikin wannan fim na nufin a kalla da kulawar iyaye. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ma tana sa irin waɗannan alamomi, daga G har zuwa 18. Sai dai abin da ake turo wa yara a memori daga shagunan caji na Tudun Wada ko Sabon Gari ba ya zuwa da wata alama, a cakuɗe yake da katun. Don Allah ku buɗe memorin ku gani. In za a kalla, a zauna tare, da rana, a kuma tambayi yaro me ya fahimta. Wanda ya fara firgita cikin barci ko ya koma fitsarin kwance, ban da duka. A tofa masa Falaƙi da Nasi, a sanar da malamin ajinsu.

Ranar Alhamis na ɗauki yaron da mahaifiyarsa muka je har gidan Iya. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri yana kuka. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta cire safar ta miƙa masa hannu ya ƙirga yatsunta. Ta dawo bakin sana'arta, sai dai har yau ba ta ƙara sa safar ba, duk da sanyin nan.

Za mu ƙara tattauna batun a taron iyaye da malamai ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe. A riƙa sa wa yara rigar sanyi, a shafa musu mai, ƙafafun 'yan nazare duk sun yi kaushi.

Wassalam,
Shugabar makaranta