A Bi Zinare Har Inda Ake Narka Shi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan haƙar zinare ta haramtacciyar hanya da fasa-ƙwaurinsa, da kuma haɗin kan da ƙasashe ke ta cewa za su yi a kai. Ni mazaunin Agege ne, ina saye da sayar da gwal a Yaba, saboda haka abin ya shafi tukunyar gidana.

Duk sanda hukuma ta ce ta tashi tsaye, hoton da ake nuna mana ɗaya ne: samari a tsugune, jiki duk laka, an jera diga da shebur da kwanon wanki a gabansu. A 2019 an haramta haƙa a Zamfara, a 2021 an hana jirage shawagi a jihar, a 2024 an kafa rundunar tsaron ma'adinai daga jami'an Sibil Difens, kafin shekarar ta ƙare kuma aka ɗage haramcin. Ƙoƙari ne, ban raina ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Yaron da ke cikin rami ko fasfo ba shi da shi, bai taɓa taka filin jirgin Murtala Muhammed ba. Wanda ya ba shi kuɗin abinci da zaiba (ruwan ƙarfen da ake tsamo zinare da shi), ya saye abin da ya haƙo da araha, shi ne ke da biza.

Bari in gaya maka yadda aikinmu yake. Idan aka kawo mini gwal, sai in goga shi a baƙin dutse, in ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, in ɗora a sikeli. Dutsen zai nuna mini kyansa, sikeli ya nuna nauyinsa. Babu ɗayansu da zai gaya mini daga ina ya fito. Da zarar ya sha wuta, na Anka da na Ilesha da na Djado ta Nijar sun zama abu guda. Kilo ɗaya kuwa bai wuce girman ƙaramar waya ba. A zuba shi a aljihu, ko a ƙera shi awarwaro a sa a hannu, a tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano ko Lome, a can a yi masa takarda. Shi ya sa za ka ga ƙasar da ba ta da wata mahaƙa ta a zo a gani tana fitar da zinare mai yawa.

Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na zinare daga Afirka, kuɗinsa ya haura dala biliyan 30, mafi yawansa kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya nufa. Mu 'yan kasuwa mun daɗe da sanin haka, domin daga Dubai ɗin muke saro sarƙa da 'yan kunne, mai yiwuwa da zinaren ƙauyenmu aka ƙera su.

Ribar tana can, masifar tana gida. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Iyaye na kawo dutsen zinare mai ɗauke da dalma cikin gida a niƙa, ƙura ta lulluɓe tsakar gida inda jariri ke rarrafe, ya sa hannu a baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka gano abin. A 2015 aka sake gani a Rafi ta jihar Neja. Yanzu kuma 'yan bindiga sun shigo, suna karɓar kasonsu a bakin rami suna sayen makamai. Ministan ma'adinai Dele Alake da bakinsa ya gaya wa 'yan majalisa cewa manyan mutane ne ke bayan harkar. To mu dai har yau sunayensu muke jira.

Haɗin kan da nake fata ba na taro da ɗaukar hoto ba ne. Lu'u-lu'u yana da tsarin Kimberley tun 2003, wanda ke tilasta takardar shaida ga duk ɗanyen lu'u-lu'un da zai tsallaka iyaka. Zinare ba shi da irinsa. Kafin a kai ga haka, abu mafi sauƙi shi ne kwastan ɗinmu da na Dubai su riƙa musayar bayani kan kowane kaya: wa ya ɗauko, nawa ne nauyinsa, ina takardar izinin fita. Wanda ya sauka da zinare a jakar hannu ba takardar da Najeriya ta tabbatar, a riƙe kayan, a sanar da mu. Ƙasar da ke saye ita ke da ƙarfin nan, domin matatun suna hannunta. Haka zaiba: Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba a 2018, ba a nan ake haƙo ta ba, ta iyaka take shigowa. Wa ke shigo da ita?

Maƙwabta ma dole a zauna da su. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma hanyar Jibiya zuwa Maraɗi tana nan, dillalai kuma ba su yi faɗa da juna ba. Lokacin da ramin zinare ya rufta a Ɗan Issa ta Nijar a 2021 ya kashe aƙalla mutum 18, a bakin iyakarmu ne. Idan shugabanni ba sa ga maciji, jami'an kwastan da masu bin sawun kuɗi su ci gaba da magana.

A gida kuma a ba talaka wurin sayarwa na halal. A 2020 an nuna mana curin zinare a fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin PAGMI, shirin gwamnati na sayen zinaren ƙananan mahaƙa, Babban Banki ya saya. Ghana ta kafa hukumar GoldBod a 2025, ita ke sayen zinaren ƙananan mahaƙa, an kuma cire baƙi daga cinikin cikin gida. Idan mahaƙi ya sami farashi mai kyau da kuɗi a hannu kusa da ƙauyensa, ba zai nemi ɗan fasa-ƙwauri ba. Mu ma na kasuwa a ɗora mana rajista, mu rubuta wanda ya kawo da inda ya samo. Ni na yarda, don na gaji da kallon da ake yi wa duk Bahaushe mai sikeli.

Edita, don Allah ka tura wakilinka ma'aikatar ma'adinai da hukumar kwastan, ya tambayo kilo nawa na zinare aka rubuta ya fita ta filin jirgin Legas bara, sannan ya nemo abin da Dubai ta ce ta karɓa daga Najeriya. Ku buga mana alƙaluman biyu gefe da gefe.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas